Cin Wutar Ƙirƙirarriyar Basira Ya Sa An Waiwayi Kwamfutar Da Aka Jingine

A tsakiyar kogin Susquehanna, a jihar Pennsylvania ta Amurka, akwai wani tsibiri da ake kira Three Mile Island. Tun daga nesa mutum zai hango manyan hasumiyoyin siminti huɗu a tsaye a kansa. Sunan wurin ya shiga bakin duniya a watan Maris na 1979, lokacin da ɗaya daga cikin tukwanen nukiliya biyu da ke can ta yi zafi har cikinta ya fara narkewa.

Ɗayar tukunyar ta koma aiki daga baya, ta yi ta ba da wuta har 2019, sannan aka rufe ta saboda kuɗin da take ci ya fi wanda take kawowa. Mutanen yankin sun ɗauka zance ya ƙare ke nan.

Sai ga shi a watan Satumba na 2024 kamfanin Constellation ya ba da sanarwar zai sake kunna ta. Wanda zai sayi wutar kuwa, megawat 800 da ɗoriya, har tsawon shekara 20, shi ne Microsoft. Zai ciyar da cibiyoyinsa na bayanai ne, manyan gine-ginen nan da aka cika da kwamfutoci masu horar da ƙirƙirarriyar basira da amsa tambayoyin jama'a dare da rana. Wata guda bayan haka Google shi ma ya ƙulla tasa yarjejeniyar da wani kamfanin ƙera ƙananan tashoshin nukiliya.

Idan kamfanin manhaja ya kai ga farfaɗo da tashar nukiliya don kansa, to lallai akwai abin da ya kamata a tsaya a duba. Wasu injiniyoyi sun duba, kuma abin da suka ce shi ne, kafin a ci gaba da neman ƙarin wuta, a tambayi yadda ake yin lissafin tun farko. Wannan tambaya ce ta mayar da su ga wata irin kwamfuta da duniya ta jingine wajen shekara 50 da suka wuce, wato kwamfutar analog.

Girman cin

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin bayanai sun sha wutar da ta haura terawat-awa 400, kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na duk wutar da aka yi amfani da ita a doron ƙasa. Wannan ya kai wajen ninki goma na abin da babban layin wutar Najeriya ke samarwa a shekara. Hukumar ta yi hasashen adadin zai ninka ya wuce haka nan da 2030, ya ɗan zarce abin da ƙasar Japan gaba ɗaya ke sha a yau.

A ƙasar Ireland, inda kamfanonin Amurka suka jibge cibiyoyinsu, wajen kashi ɗaya cikin biyar na wutar ƙasar can take tafiya.

Cip guda ɗaya, wato ɗan guntun silikon ɗin da ke yin lissafi, samfurin H100 na kamfanin Nvidia, yana iya jan wat 700 idan aiki ya yi zafi. Dubbansu ake jerawa a gini ɗaya, kuma sai an ƙara wata wutar da ruwa don sanyaya su. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa, wadda ita ake ƙoƙarin kwaikwaya, da wat 20 ko makamancin haka take gani, take ji, take tuna hanyar gida. Wannan tazara ita ce ke hana masu bincike barci.

Ina wutar take tafiya?

Mutum zai zaci lissafin ne ke cinye wutar. Ba haka abin yake ba. Kwamfutocin da muka sani, daga wayar hannu har manyan injinan Google, an gina su ne a kan tsarin da masanin lissafi John von Neumann ya bayyana a 1945: ma'ajiyar bayanai a gefe guda, sashen lissafi a wani gefen, da hanya a tsakaninsu. Duk lambar da za a yi aiki da ita sai an je an ɗauko ta, in an gama a mayar da amsa.

Ka ƙaddara mai tuwo ce madafarta na cikin gida, rumbun kuma yana can bayan gari, kuma ba a yarje mata ta ɗebo fiye da tafin hannu ɗaya a kowace tafiya ba. Tuƙin tuwon ba zai gajiyar da ita ba, zirga-zirgar ce za ta ƙarar da ƙarfinta.

Farfesa Mark Horowitz na Jami'ar Stanford ya fitar da alƙaluman wannan a 2014. Ya nuna cewa ɗauko lamba ɗaya daga babbar ma'ajiyar da ke wajen cip yana cin makamashin da ya ninka na tara lambobi biyu sau ɗaruruwa. A da wannan bai dami kowa sosai ba. Amma manhajar GPT-3 da ta fito a 2020 tana da ma'aunai biliyan 175, wato lambobin da ta koya lokacin horo, kuma don ta fitar da kalma ɗaya tak sai an bi ta kan dukkansu. Manhajojin da suka biyo bayanta sun fi ta girma.

Ga kuma wata matsalar. Shekaru da dama, duk lokacin da aka ƙanƙantar da tiransisto, wato ƙaramin makunnin da ke cikin cip, sai ya ƙara sauri ya kuma rage cin wuta, kyauta. Wannan garaɓasa ta ƙare a tsakiyar shekarun 2000. Ana ci gaba da ƙanƙantarwa, amma zafin bai ƙara sauka kamar da ba.

Awo maimakon ƙirge

Kwamfutar dijital ƙirge take yi. Komai sai ta mayar da shi sifili da ɗaya, ta bi mataki-mataki. Ta analog kuwa awo take yi. Tana ɗaukar wani abu na zahiri da ke hawa da sauka ba tare da tsalle ba, kamar juyawar ƙarfe, ko tsawon ruwa a bututu, ko ƙarfin lantarki a waya, ta sa shi ya tsaya a madadin lambar. Daga nan sai a bar dokokin halitta su yi aikin, a je a auna abin da ya fito.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A farkon ƙarni na 20 masu nutso suka tsamo wani dunƙulen tagulla daga jirgin ruwan da ya nitse kusa da tsibirin Antikythera na Girka. Da aka bincika, sai aka tarar da faya-fayai masu haƙora kusan 30 a ciki, waɗanda aka ƙera fiye da shekara 2,000 da suka wuce don nuna tafiyar rana da wata da lokutan husufi.

A shekarun 1870 William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya haɗa wata na'ura ta igiya da ƙafafun ƙarfe da ke hasashen cikowa da janyewar teku. Kowace ƙafa tana wakiltar ɗaya daga cikin abubuwan da ke jan ruwan, igiyar kuma ta tattara motsinsu duka ta kai wa alƙalami. Da jikokin wannan na'ura ne Arthur Doodson, a kusa da Liverpool, ya lissafa yanayin ruwan gaɓar Normandy ta Faransa kafin sojojin ƙawance na Yaƙin Duniya na Biyu su sauka a watan Yuni na 1944.

A 1931 Vannevar Bush ya kammala wata mai cika ɗaki a cibiyar MIT, wadda ke warware lissafin injiniyoyi da sanduna da faya-fayai masu juyawa. A 1949 kuma wani ɗan New Zealand mai karatu a Landan, Bill Phillips, ya gina wadda ke nuna tattalin arzikin Birtaniya da ruwa mai launi: haraji, ajiya da kashe kuɗin gwamnati duk tankuna ne da bututai, in ka murɗa famfon haraji ka ga yadda sauran za su motsa. Jiragen yaƙin ruwan Amurka sun riƙa saita manyan bindigoginsu da irin waɗannan na'urori har zuwa yaƙin Gulf na 1991.

To me ya kashe kasuwarsu? Abu uku ne suka taru. Amsar analog kusan-daidai ce, in ka maimaita lissafin gobe za ka ga ɗan bambanci. Kowace sabuwar matsala sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa, aikin sa'o'i ko kwanaki. Sannan tiransisto ya yi ta araha shekara bayan shekara. Banki ba ya son kusan-daidai a asusun mutane. Kafin ƙarshen shekarun 1970 dijital ta cinye fagen.

Ashe a can aka faro

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, ƙirƙirarriyar basira irin wadda ake yayi yau a cikin analog aka yi mata goyon farko. A ƙarshen shekarun 1950 Frank Rosenblatt ya gina na'urar Perceptron a wani ɗakin bincike na Jami'ar Cornell. Tana da idanun haske 400, ma'aunanta kuma maɓallai ne irin na ƙara sautin rediyo, waɗanda ƙananan injina ke murɗawa da kansu duk lokacin da na'urar ta yi kuskure. Haka take koyo.

A shekarun 1980 Carver Mead na Jami'ar Caltech ya sake tayar da zancen. Hujjarsa ita ce, muna ɓarnar tiransisto idan muka mayar da shi makunni mai kunnawa da kashewa kawai, alhali a tsakanin biyun yana da halayyar da ta yi kama da ta jijiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibarsa Misha Mahowald ta ƙera idon silikon mai kwaikwayon tantanin ido. Kamfanin Intel ma ya fitar da cip na analog don wannan aiki a 1989. Bai karɓu ba, don a lokacin ba a san abin da za a yi da shi ba tukuna.

Da aka zo 2012, ɗaliban Geoffrey Hinton a Toronto suka lashe gasar gane hotuna da katunan wasan bidiyo guda biyu na Nvidia, sai duniya ta bi wannan hanya ba waiwaye.

Yadda waya ke yin lissafi

Duk surutun da manhajar hira ke yi, da hoton da take zanawa, in ka buɗe cikinta abu ɗaya za ka tarar ana ta maimaitawa: a ninka wannan lamba da waccan, a tara da ta gaba, a sake ninkawa, a sake tarawa, sau biliyoyi. Mafi yawan aikin ke nan. Kuma wannan shi ne ainihin abin da lantarki ke yi da kansa in ka shimfiɗa masa hanya.

Dokoki biyu ne, duk ɗalibin kimiyya na sakandare ya haɗu da su. Ta Georg Ohm, ta 1827, ta ce yawan lantarkin da ke ratsa abu shi ne ƙarfin da aka tura shi da shi, sau sauƙin da abin ke ba shi ya wuce. Ninkawa ke nan. Ta Gustav Kirchhoff, ta 1845, ta ce idan wayoyi da yawa suka zuba a waya ɗaya, abin da ke gudana a cikinta jimillar nasu ne. Tarawa ke nan.

Sai injiniya ya shimfiɗa wayoyi a kwance, ya ɗora wasu a tsaye a kansu. A kowace mahaɗa ya dasa wani ɗan ƙaramin abu da za a iya saita yawan lantarkin da zai bari ya wuce, kuma ya riƙe wannan saiti ko an ɗauke wuta. Saitin shi ne ma'aunin da manhajar ta koya. Bayanan da ke shigowa, muryar mutum ce ko hoto, a tura su a matsayin ƙarfin lantarki ta wayoyin kwance. A ƙasan kowace waya ta tsaye, abin da ya taru shi ne amsar.

Allo mai layi 256 a kwance da 256 a tsaye yana yin ninkawa fiye da 65,000 a bugu ɗaya. Mafi muhimmanci, ma'aunan ba su motsa daga inda suke ba. Inda aka ajiye su nan aka yi lissafin. Zirga-zirgar nan mai cin wuta ta faɗi.

Batun kusan-daidai fa, wanda ya kashe analog a da? A nan ne zamani ya juya. An gano cewa waɗannan manhajoji ba su damu da cikakken daidaito ba. Da farko da lambobi masu bit 32, wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya, ake horar da su, aka sauko 16, aka sauko 8, yanzu sababbin cip ɗin Nvidia har da bit 4 suke aiki wajen amsa tambayoyi. Manhajar da za ta bambance kyanwa da kare ba ta buƙatar lamba ta goma bayan ɗigo. Aibin da ya kori analog daga banki, a wannan fage ana iya zama da shi.

Masu gwada sa'a

IBM na cikin waɗanda suka fi daɗewa a kai. Masu bincikensa a Amurka da Zurich suna amfani da wani sinadari ɗan dangin wanda ke jikin faifan CD da DVD masu sake rubutuwa. In aka ɗana masa zafi sai ya sauya tsakanin tsararren yanayi da hargitsattse, kuma kowane mataki a tsakani yana ba lantarki hanya daidai gwargwado. A watan Agusta na 2023 suka wallafa a mujallar Nature cewa sun haɗa cip mai irin waɗannan ƙwayoyi miliyan 35, suka sa shi mayar da magana rubutu. Kuskurensa bai yi nisa da na dijital ba, kuma sun ƙiyasta zai iya fin takwarorinsa tattalin wuta wajen sau 14.

Labarin kamfanin Mythic shi ya fi nuna daɗi da ɗacin hanyar. Mike Henry da Dave Fick suka kafa shi a 2012. Dabararsu ita ce su ɗauki ma'ajiyar filashi, irin wadda ke cikin katin waya, su mayar da kowace ƙwaya ma'auni. Sun kai ga fitar da cip mai riƙe ma'aunai kusan miliyan 80, yana yin lissafi tiriliyan 25 a daƙiƙa da wat uku ko huɗu. Sun tara fiye da dala miliyan 150 daga masu zuba jari. Duk da haka, a ƙarshen 2022 kuɗi suka ƙare kafin ciniki ya kankama, aka sallami mafi yawan ma'aikata. A 2023 ne aka sake zuba musu ɗan abin da ya tashe su. Cip ɗin ya yi aiki, abin da ya gagara shi ne samun masu saye da yawa kafin aljihu ya bushe.

Farfesa Naveen Verma na Jami'ar Princeton ya bi wata hanyar. Maimakon auna lantarki mai gudana, wanda zafi da sanyi ke iya jirkitawa, kamfaninsa EnCharge yana tara caji ne a ƙananan kafasito da aka yi da siraran ƙarafan da ke saman cip. Girman kafasito ya dogara ne ga siffarsa, siffa kuwa ita ce abin da masana'antun cip suka fi ƙwarewa wajen bugawa daidai. A farkon 2025 kamfanin ya samu jarin dala miliyan 100, hukumar binciken sojan Amurka ma ta sa hannu a aikin.

Wasu kuma sun bar lantarki sun kama haske. Idan haske ya ratsa gilashin da ke rage shi da rabi, an ninka shi da rabi ke nan, in haskoki suka taru a ido ɗaya an tara su. A 2025 masu binciken Microsoft a Cambridge ta Ingila suka nuna wani ƙaramin samfuri da aka haɗa da ƙananan fitilu da idon kyamara irin na waya, suka gwada shi a kan daidaita cinikayyar banki tare da bankin Barclays, da kuma haɗa hoton asibiti na MRI. Kamfanin Lightmatter, wanda ya taso daga MIT a 2017 da burin lissafi da haske, darajarsa ta haura dala biliyan huɗu a 2024. Sai dai abin da ya kawo masa wannan daraja shi ne amfani da haske wajen sada cip da cip, lissafin kansa ya bar wa dijital tukuna.

Ƙasar Sin tana da nata dalilin na musamman. Tun 2022 Amurka ta taƙaita sayar mata da manyan cip da injinan ƙera su. Analog kuwa ba lallai sai da tiransisto mafi ƙanƙanta ba, ana iya yin sa a tsofaffin masana'antu. Jami'ar Tsinghua ta fito da cip mai haɗa haske da lantarki a 2023, Jami'ar Peking kuma a 2025 ta nuna wanda ke gyara kuskurensa zagaye bayan zagaye har amsarsa ta kusanci ta dijital.

Abin da masu shakka ke cewa

Injiniyoyin dijital ba su ruɗu ba, kuma hujjojinsu masu nauyi ne.

Ta farko, cip ɗin analog ba shi kaɗai yake zaune ba. Bayanai a dijital suke zuwa, a dijital kuma ake son amsa. Don haka a bakin kowane allo sai an sa na'urar da ke juya lamba zuwa ƙarfin lantarki, a ƙarshensa kuma wata mai mayar da shi lamba. Waɗannan masu juyi sukan cinye babban kaso na wutar da filin cip ɗin, wani lokaci fiye da allon da ke yin lissafin. Duk ƙarin daidaiton da ka nema daga gare su, cin wutarsu ninkuwa yake yi.

Ta biyu, ƙwayoyin ba sa zama yadda aka bar su. Biyu da aka ƙera rana ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya sak. Sinadarin IBM yana ɗan zamewa a hankali bayan an saita shi. Zafin ɗaki yana taɓa awo. Ana magance wannan ta hanyar zuba wa manhaja hayaniya da gangan lokacin horo don ta saba, da kuma sake daidaita cip lokaci-lokaci, amma duk ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi.

Sai girma. Cip mai ma'aunai miliyan 80 abin yabo ne, amma manhaja mai biliyan 175 za ta buƙaci irinsa fiye da 2,000, kuma da zarar ka fara aika bayanai tsakaninsu ka dawo da zirga-zirgar da ka gudu. Bugu da ƙari, manhajojin hira na yau suna da wani sashe da lambobinsa ke sauyawa da kowace sabuwar kalma, ƙwayoyin analog kuwa sake rubuta su yana da jinkiri, yana kuma gajiyar da su. Shi ya sa kusan duk waɗannan cip ɗin amsa tambaya kawai suke yi, horon yana nan a hannun dijital.

Akwai kuma sabo. Tun wajen 2007 Nvidia ke gina manhajar CUDA, miliyoyin masu rubuta manhaja sun taso a cikinta. Kuma dijital ba a tsaye take tana jira ba. Wasu kamfanoni, irin su d-Matrix a Amurka da Axelera a Turai, sun ɗauki rabin dabarar, wato yin lissafi a cikin ma'ajiya, suka yi ta da sifili da ɗaya, suka huta da hayaniya.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara da kanun labarai. In ka ga an ce wani cip ya fi na Nvidia sau 1,000, ka nemi sanin a kan wane aiki, kuma an auna ne ko hasashe aka yi. Sau da yawa ƙaramin gwaji ne a ɗakin bincike, a kan aiki guda da aka zaɓa, ba a lissafa wutar sauran kayan da ke kewaye ba. Binciken na gaskiya ne, masu yin sa kuma sukan faɗi iyakarsa a cikin takardunsu. Wajen yaɗa labarin ne iyakar ke ɓacewa.

Ilimin da ke mutuwa da jikinsa

Geoffrey Hinton, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, ya kalli lamarin ta wata kusurwa da ta wuce batun kuɗin wuta. A wata takarda da ya fitar a ƙarshen 2022, ya yi nuni da cewa manhajar dijital ba ta mutuwa: in kwamfuta ta lalace sai a kwafe ma'aunan a zuba a wata, su yi aiki daidai. Farashin wannan dawwama shi ne wutar da ake ƙonawa don tilasta wa kowane tiransisto ya yi hali iri ɗaya da ɗan'uwansa.

Ya ce in muna son araha irin ta ƙwaƙwalwa, sai mu yarda kowace na'ura ta koyi aiki da nata karkace-karkacen, ilimin ya manne da jikinta, in ta lalace ya tafi da ita. Sabuwa sai ta zauna ta koya daga tsohuwa, yadda almajiri ke ɗauka daga malami.

Daga baya ya bayyana cewa wannan tunani ne ya tsorata shi game da dijital. Dubban kwafi na manhaja ɗaya suna iya koyon abubuwa daban-daban su haɗa abin da suka samu nan take, abin da ɗan Adam ba zai iya ba. Yana cikin dalilan da suka sa ya bar Google a 2023 ya shiga yi wa duniya gargaɗi.

Inda amfanin zai fara sauka

Ra'ayina shi ne, wanda ke jiran analog ta rufe manyan cibiyoyin bayanai zai daɗe yana jira. Ko da ta yi nasara a can, ba lallai jimillar cin wutar ta ragu ba. Tun 1865 masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura cewa da injinan tururi suka rage cin kwal, sai Ingila ta ƙara ƙona kwal, domin abin ya yi araha kowa ya shiga. Lissafi mai araha ma haka zai jawo ƙarin lissafi.

Inda nake ganin alherin yake shi ne ƙananan na'urori, waɗanda ke yin aiki ɗaya, da manhaja ƙarama da ba ta sauyawa kullum, a kan batir. Kamfanin Aspinity na Pittsburgh ya riga ya fitar da cip da ke sauraron sauti kai tsaye yadda ya fito daga makirfo, da wutar da ba ta kai ta ɗigon fitilar caja ba, ba ya tada sauran na'urar sai ya ji abin da ake nema, kamar fashewar gilashi. Na'urar taimakon ji, ma'aunin bugun zuciya, kyamarar gadi, duk irin wannan aiki ne.

Wannan ɓangaren ne ya shafe mu kai tsaye. Wanda ke biyan kuɗi a shagon caji don ya cika wayarsa, yana kuma lissafin kowane megabait na data, ba zai ci moriyar basirar da sai an aika tambaya wata nahiya ta dawo ba. Akwai manhajar Nuru, wadda masu bincike na Jami'ar Jihar Pennsylvania suka haɗa tare da cibiyar binciken noma ta IITA, tana duba ganyen rogo ta kyamarar waya ta faɗi cutar da ta kama shi ba tare da intanet ba. A kan cip na dijital take gudana, kuma ƙarfin wayar da batirinta su ke iyakance girmanta. In aka rage cin wutar irin wannan lissafi sau goma kawai, ba sai dubu ba, ƙaramin asibitin karkara mai faifan sola ɗaya zai iya riƙe na'urar duba hoton ƙirji, waya mai araha kuma ta iya mayar da maganar Hausa rubutu a cikinta.

Amma akwai sharaɗin da ya kamata injiniyoyinmu da hukumomin da ke sayo kayan asibiti da na gona su riƙe tun yanzu. Awon analog yana jin zafi, kuma yawancin sakamakon da ake wallafawa a ɗakunan bincike masu sanyi aka samo shi. Na'urar da za ta kwana a akwatin ƙarfe a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu, inda inuwa kanta ke wuce digiri 40, dole a nemi shaidar an gwada ta a irin wannan yanayi, a kuma san sau nawa za a sake daidaita ta a shekara da wanda zai yi aikin. Sassan koyar da injiniyan lantarki a jami'o'inmu na Zariya, Kano da Yamai suna iya yin wannan gwaji da kayan da ba su fi ƙarfinsu ba, kuma sakamakonsa abu ne da masu ƙera cip ɗin kansu za su so su gani.